Sandar da ke Jikin Ł

Ni na gina ƙofar nan,
a ofishin maƙabarta, can gefen Gdańsk,
inda bututun ɗumama ɗaki ke tari dare da rana.
Allo ne a bakin shiga:
rubuta sunan mamacinka,
rumbun bayanai ya faɗa maka inda yake kwance.

Ban yarda da yatsun kowa ba.
Abin da baƙo ya rubuta
ba na barinsa ya shiga cikin umarnina da takalmi.
Na ajiye masa alamar tambaya, kujerar zaure,
WHERE suna = ?
nan zai zauna, a dube shi, a gwada shi da abin da ke rubuce.
Wani yaro ya taɓa rubuta DROP TABLE,
yana son ya share matattu da kalma biyu.
Rumbu ya duba, ya ce ba mu da mai wannan suna.
Ranar na yi dariya har shayina ya zube.

Sai daren ɗaya ga Nuwamba,
daren da kowane kabari ke samun kyandir.
Na buɗe rajistar kurakurai ina cin burodi a tsaye.
Lucja Pekala. Babu.
Lucja Pekala. Babu.
Sau goma sha ɗaya, minti tara,
sau ɗaya da manyan haruffa, kamar mai ɗaga murya ga kurma.

A rumbuna tana nan: Łucja Pękala.
Sanda a jikin L, ɗan wutsiya a ƙarƙashin e.
Mai gadi ya ce tsoho ne, Zdzisław,
hannunsa na rawa, gilashinsa ya yi raɓa,
bai ga madannin da ke sa sandar ba.
Shekara arba'in da shida yana kiranta daidai da baki.
Ni kuwa na ce masa babu ita.

Ƙaryar ba ta SQL ba ce.
Abin da na tambaya shi ya amsa.

Na zauna har motocin lantarki suka daina wucewa.
Na koya wa tambayar ta tuɓe wa haruffa ado
kafin ta gwada su,
na wannan gefe da na wancan,
amma alamar tambaya na nan a kujerarta,
shekarar rasuwa kuma dole ta dace,
don akwai Łucja uku, kuma ba na aika mutum
ya yi kuka a kan matar wani.

Na gwada da rubutunsa, yadda ya yi shi.
Layi ɗaya ya fito:
sashe na sha huɗu, jeri na shida, kusa da famfo.

Ban sani ba ko ya dawo.
Da safe na bi ta wajen.
Kyandir biyu, ɗaya ya mutu,
da sawun sanda a cikin laka,
ya zaga, ya zaga, kafin ya tsaya.