Amon da Baltasar Ke Nema

Sha ɗaya na dare a Valparaíso,
yayyafi na lasar tagar situdiyo.
Baltasar na zaune bayan babbar gangarsa,
ƙafa a kan feda, takalmi a gefe.
Ya ce, "Ximena, ba ƙara nake bi ba.
Wani amo ne, tun ina ɗan shekara bakwai."
Na ce kwatanta mini.
Ya ɗaga hannu, ya sauke, ya taka: dum.
Ya girgiza kai.

Na buɗe akwatin makirufo.
Na ɗauko ɗan ƙarami mai kan ƙwai,
na zura shi ta hudar fatar gaba
har ya kusa shafar inda gula ke sauka.
Muka saurara: tas, tas, tas,
sai ka ce mai karɓar kuɗin haya
na ƙwanƙwasa ƙofa da makulli.
Baltasar ya yi dariya ba sauti.
"Wannan ai bashi yake bi na."

Na biyun baƙi ne, mai ƙiba,
na saye shi hannun wata gwauruwa a Santiago
da ƙurar mijinta a jikin ragarsa.
Na tsayar da shi a bakin huda.
Iska ta fito ta cika masa kunne: fuf,
kamar ƙato ya faɗa kan katifa.
Na matsa da shi ɗani ɗaya. Na dawo da shi rabi.
Na cire filo daga cikin gangar, na mayar.
Shayinmu ya huce, ya yi fata.

Sai na sauko da tsohuwar lasifika daga kan kabad,
na juya mata waya, baki ya koma kunne.
Ita ba ta jin abin da ke sama,
sai wanda ciki ke ji kafin kai ya sani.
Ya taka. Cokali ya yi rawa a kofi.
Ya ce, "An kusa."
Kusa ba ta kai ba, na sani, shi ma ya sani.

Ya sa safa, ya cire, can ya ce:
"Babana ɗaurin jirage yake yi a tashar ruwa.
Da dare, in jirgi ya jingina da bango
ya daki tsoffin tayoyin nan da ke rataye,
amon kan hauro tudu, layi bayan layi,
ya tarar da ni a gado.
In na ji shi, na san yana can, yana tsaye."

Ashe tun ɗazu ina cusa kunne a bakin abu,
alhali yaron daga nesa ya ji.

Na zare filon gaba ɗaya.
Na ja waya ta ƙofa, ba ta kai ba, na haɗa wata,
na bi dogon zaure har gindin bene
inda muke ajiye tsintsiya da bokiti.
Na kafa mai ƙiba a can, fuska ga bango,
na bar ƙofa a buɗe faɗin tafi.
Na ɗaga masa yatsa ta gilashi.

Dum.
Ya iso a makare kaɗan, gefensa ya goge,
ya sha siminti da katako a hanya,
da nauyin abin da ruwa ke turawa.

Baltasar bai ce shi ne ba.
Ya rufe ido, ya ce, "Sake sa mini."
Na sake. Sau huɗu.
Sannan ya nemi takalminsa a inda ba ya nan.

Kafin in kashe fitila
na yagi farin salatif na manna a bango,
na rubuta don gobe:
mai ƙiba, bayan ƙofa, taku sha biyu,
kusa da bokiti.
Kada kowa ya ɗauke bokitin.