Ƙyallen Gwaji

Ba hula ba ce, ba wuyan riga ba,
yagen buhun fulawa ne
da Gwaggo Tasalla ta wanke har tambarinsa ya koɗe,
ta miƙo mini a Rafindadi, ina 'yar shekara tara.

Layin farko nata ne, miƙe kamar kunyar gero.
Na biyu nawa, ya karkace,
ga ɗigon jinin yatsana ya koma ruwan ƙasa.
Ta hana ni warwarewa:
"Bar shi nan, ya riƙa kallonki."

Yanzu na aje aikin asibiti, ido sai da tabarau.
Bayan la'asar nakan ƙara layi:
dagi ɗaya, aska biyu,
wata tattabara da ta ƙi fita, ta zama kaza.
Koren zare ya ƙare a tsakiyar ganye,
na ƙarasa da shuɗi.

Lantana ta leƙo ta katanga: "Wa zai saya?"
Ba kowa.

Saura faɗin tafin hannu a gefen hagu.
Ina jan allurar a hankali,
don ban san inda zan kai yammacina ba
ran da ƙyallen ya cika.