Ƙuri'ar Wake

A Punta Arenas, can ƙarshen ƙasa,
inda iska ke cire wa mutum hula ba sallama,
nake tsaron ɗakin karatu bayan kasuwar kifi.
Kanta bakwai, murhu ɗaya, kyanwa mai ido guda.
A watan Yuni rana baƙuwa ce,
ta leƙo, ta gaishe mu, ta koma.
Lokacin ne muke jera kwalabe a kan tebur,
kowace da sunan littafi rataye a wuyanta,
kowane mai karatu da ƙwayar wake guda.

Griselda mai jinyar dare ita ta fara zuwa,
takalmanta na ɗigar ruwan ƙanƙara.
Nata shi ne na jirgin da ya shekara ɗari uku
yana bin sawun wata tauraruwa,
har jikokin matuƙa suka manta sunan ruwan sama.
Ta ce, "Haka nake a asibiti,
taga a rufe, injuna na numfashi,
ban san ko gari ya waye ba."
Ƙwas! Wakenta ya faɗa.

Telmo mai ɗinkin koma ba ruwansa da taurari,
ya ce sun yi masa nisa.
Shi dai a bar shi da dodon nan mai fukafukai
wanda ya tsufa, wutar bakinsa ta koma garwashi,
yake gasa wa ƙauye burodi da asuba.
Ya yi dariya da haƙoransa biyu,
ya ce, "Wanda ya daɗe ya ga daɗau."

Tagwayen gidan Oyarzún tun daga ƙofa suke musu.
Ɗaya na son mutum-mutumin ƙarfe
mai kiwon tumaki a duniyar wata,
da ya koyi ƙarya don kada tsohuwa ta yi kuka.
Ɗayar ta ce ƙarfe bai san tausayi ba,
ta zaɓi matar da ke saƙa tsibirai da ulu,
in zare ya kuɓuce mata, teku ta haɗiye gari.

Da na zo ƙirga, ba sai an ƙirga ba.
Kwalba ɗaya ta cika har wuya, kamar bara, kamar bara waccan.
Littafin ba shi da bango,
da zaren fatsa aka ɗaure shi,
shafi ashirin na ƙarshe ruwan gishiri ya cinye
tun kafin a ba ni makulli.
Yarinya ce ta tarar da ƙofa a jikin dutsen ƙanƙara,
ta kama mariƙi, ta waiwayo,
nan takarda ta ƙare.

Griselda ta ce ta shiga, ta sami uwarta da rai.
Telmo ya rantse ba ta shiga ba,
ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.
Tagwaye, karon farko bakinsu ɗaya,
suka ce ƙofar ce ta bi ta har gida.
Tsoho Amaro da ba ya magana
ya ce ai har yau tana nan tsaye,
ya gan ta daga kwalekwale, hannunta ya yi shuɗi.

Bana wani mai kirki daga Santiago
ya aiko mana sabon bugu, cikakke,
yana ƙamshin tawada.
Wata uku yana kan kanta, ko kyanwa ba ta kwanta kansa ba.
Ni kaɗai na buɗe, cikin dare, na karanta har aya ta ƙarshe.
Kada ku tambaye ni.
Teburinmu dama ƙafarsa ɗaya gajeriya ce,
yanzu ya daina rawa.

Wakena kuwa yana aljihu,
da alama ma ya fara tsiro.