Na Sha Kuka

Sanƙarau ya shigo Marwa ina shekara tara,
ya kwashe kunnuwana, ya bar mini ido.
Abu na ƙarshe da na ji, tarin Baba ne
a majema, da sassafe,
yana karkaɗe fatar akuya.
Tun daga ranar leɓe nake karantawa,
shi kuwa leɓe ba ya bin waya.

Yanzu ina Kusiri, ni da keken ɗinkina.
Baba bai yi boko ba,
ajaminsa kuma wayar ba ta san shi ba.
Sai ya danna, ya yi magana, ya turo,
in zauna ina kallon wani ɗan layi
mai haƙora kamar zarto,
minti biyu da daƙiƙa sha ɗaya.
In kai wa maƙwabciya ta saurara mini,
ta ba ni rabi,
rabin ta kai bakin famfo.

Nafi'u, ɗan yayana mai gyaran waya,
shi ya zana mini a bayan kwalin shayi:
Gwaggo, ban-ruwan albasa ne.
Rijiya daban, kwari daban, fangali daban,
nawa dai in fasa bakin wannan ya zuba a wancan.
Dare uku yana haɗi.
Murya ta faɗo, a tare ta,
a miƙa wa na'ura mai kunne da alƙalami,
ita kuma ta juye baƙaƙen cikin wasaf ɗina.
Babu ɗan aike, babu tukuici,
babu wanda zai ce bari in gama wanki.

Ran Laraba bayan la'asar
waya ta motsa a cinyata.
asabe kin wuni lafiya ya zafi ya mai gidan
bagaruwa ta yi tsada bana
Ba waƙafi, ba aya, numfashi ɗaya.
Ashe haka yake magana.
Shekara ashirin da shida ban sani ba.
Allura ta shige mini yatsa,
sai da na ga jini a shaddar mutane na lura.

Na'urar da tata wautar.
Ya gaishe ni da Fillanci, jam na,
ta rubuta jama'a.
Ya ce ya turo sefa dubu biyar,
ta ce safa dubu biyar,
na yi dariya har maigidan ya leƙo,
ina zan kai ƙafafun da za su sa su?

Sai wata safiya ta kawo mini:
na sha kuka jiya da dare
Shi ke nan. Ba ƙari.
Miya ce, ko hawaye?
Mai kunne ba ya tambaya,
muryar ce ke hawa ko ta sauka,
ita kuwa takarda shimfiɗe take kamar tabarma.
Na ƙirga kwanaki a yatsu:
jiya Inna ta cika shekara a ƙasa.

Na tura wa Nafi'u, na ce saurara.
Alama ta nuna ya ji.
Na ga yana rubutu, ya tsaya,
yana rubutu, ya tsaya.
Can ya ce: miya ce, Gwaggo, har da man shanu.
Na ce to.
Yaron kirki ne, Nafi'u.

Akwai inda na'urar ke barin fili
a tsakiyar zance, ta sa ɗigo uku.
Ya ce tari ne, zai gyara ta daina.
Na ce kul, bar mini shi.

Da dare in na rufe shago
nakan kunna muryar, in manna wayar a muƙamuƙi,
idona rufe, baƙaƙen na riga na haddace,
ina bin ɗan kaɗawar da ke ratsa ƙashi
har mu iso ɗigon nan uku.
Nan ne na san shi.