Kumfar Daren Laraba

Daren Laraba ni kaɗai ke aiki
a matatar ruwan datti, can gangaren Birnin Kabi.
Injin iska na gurnani a ƙasan tanki,
sauro na karɓar rabonsa a idon sawuna.
Ƙarfe biyu na haska tocila
sai na ga tanki ya naɗa rawani.

Launin ƙuli-ƙuli, kaurin kunun da ya kwana,
kumfa ta haye baki, ta bi matakala,
ta shafe dakalin da nake shimfiɗa buzu.
Na taka, takalmi ya yi gabas, ni na yi yamma.
Na tashi ina zagin masu wankin Badariya,
su da omonsu.

Da hantsi Ige ta iso da kwalabenta,
ta ɗebo a ludayi, ta shinshina.
"Tunau, bar matan Badariya su huta.
Kumfar sabulu fara ce, ba ta da zuciya,
ka watsa mata ruwa ta kwanta.
Wagga mai rai ce."

Ta ɗiga a gilashi, ta rina shi,
ta ce in runtse ido ɗaya in leƙa madubi.
Na ga zare, zare mai rassa,
kamar saiwar tafasa da aka tuge da damina.
"Bakteriya ke nan, Nokadiya sunan gidansu.
A ruwa aka haife su, ba sa ga maciji da ruwa.
Kowace da rigarta ta kaki,
ruwa ya taɓa ya zame.
In ƙwayar iska ta taso daga ƙasa
sai su ɗafe ta kamar yara a bayan a-kori-kura,
su hau sama da ita, su hana ta fashewa."

Na ce, to wa ke ciyar da su?
Ta nuna bututun da ke zuwa daga mayanka
ya bi ta layin masu tuyar kifi.
Kitse, man gyaɗan da ya gaji da suya,
ruwan wanke kasko.
Maiƙo ne tuwonsu, safe da dare.

Sai ta buɗe littafin aiki, ta bi da yatsa.
Kwana ashirin da shida ban zubar da tsohuwar laka ba.
Famfo ya tsaya, na kai takarda,
aka ce sai kuɗi sun fito.
Ni ma, in faɗi gaskiya,
ina jin daɗin ganin laka ta yi kauri,
ce nake ƙarfi ne.
Ashe su masu jinkirin girma ne,
da ina zubarwa da sun tafi kafin su ga jika.
Na ba su masauki, na ba su lokaci.
Kullum asuba kuma in ja tiyo
in kora kumfar ta koma tanki,
iri nake mayarwa gona ban sani ba.

Yau kwana tara muna yaɗe ta,
muna tura ta rami a baro ta bushe ita kaɗai.
Nomau makaniki ya ɗaure famfo da robar taya, ya tashi.
Na je wurin mahauta da rabin durom,
na roƙi su tare kitse kafin ya bi magudana.
Dattijonsu ya dube ni, ya dubi durom,
"Yanzu kitsen ma sai an yi mai gadi?"
Ya dai karɓa.

Ruwan da muke saki fadama yake sauka,
inda ƙanena ke dashen shinkafa, ƙafa ciki har gwiwa.
Bai san Nokadiya ba, ban kuma gaya masa ba.

Jiya na sake haska tocila.
Saura 'yar kaɗan a kusurwar arewa,
faɗin faifai, tana numfashi.
Na jawo benci kusa da ita
har aka kira assalatu.