Lemon Tsami a Jikin Firiji

A Trieste, a bene hawa na huɗu,
inda iska ke buga tagogi kamar mai bin bashi,
Ornella ta ɗago mahaifinta daga daɓen banɗaki.
Karo na uku ke nan a wata guda.

Tullio, da ya shekara talatin da biyu
yana juya ƙugiyar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa,
yana cira tan arba'in sama kamar faifai,
yau gwiwarsa ta ƙi ɗaukarsa.

Ya zauna a kicin yana haki.
"Ke da kika ƙarar da ƙuruciyarki gaban allo,
faɗa mini, mene ne wannan abin
da ke ta jawo ni ƙasa?"

Ta ɗora kofi a wuta. Ba ta amsa ba tukuna.
Ta ɓamɓaro ɗan maganaɗisu daga jikin firiji,
mai siffar lemon tsami, tsarabar marigayiya,
ta kai shi kusa da makullin akwatin wasiƙa.
Makulli ya yi tsalle ya manne.

"Ka gani, Baba? Duniya ɗungurungum,
da duwatsunta, da tekunta, da jiragenka,
tana jan makullin nan.
Ɗan lemo ya ƙwace shi a hannunta.
Abin da ya kayar da kai
shi ne rago a cikin su huɗun.
Sai ka jera sifiri talatin da 'yan kai
kafin ka auna rauninsa.
Dalili kuwa, ba mu sani ba."

"Sauran ukun fa?"

"Su mun ji harshensu.
Na lantarki, da mai ɗaure cibiyar ƙwayar zarra,
da mai sa ta rikiɗe a hankali.
Kowanne da ɗan aikensa,
mitsitsin abu mai kai saƙo.
Mun ga sawunsu a na'ura,
mun ƙirga, lissafi ya fita cif.
Shi kuwa, ɗan aikensa ko ƙeyarsa ba mu gani ba.
In na tura shi cikin lissafin ƙananan abubuwa
sai amsa ta tsere, ta ƙi iyaka.
In toshe nan, ta ɓulle can,
kamar mai ɗiban ruwa da kwando."

Kofi ya tafasa. Ta zuba masa rabin kofi,
don cikakke ba ya kai wa bakinsa lafiya.

"Wataƙila ma ba ja yake yi ba.
Ka san katifarka, inda ta loɓa,
yadda kome ke gangarawa can da kansa?
Haka sarari da lokaci ke loɓawa kusa da mai nauyi.
Sauran 'yan kokawa ne a fili,
shi kuwa filin ne kansa.
Bayanin manya daidai, bayanin ƙanana daidai,
amma a cikin tauraron da ya mutu ya rufta,
da ƙiftawar farko ta duniya,
biyun sukan haɗu a ƙofa ɗaya
kowa ya ƙi gaida kowa."

Tullio ya karɓi lemon, makulli na lilo a ƙasansa.
Ya ɗaga shi a hankali,
yadda ya saba ɗaga kaya in teku ta yi fushi.
Hannu ya yi rawa. Makulli ya suɓuce,
ya yi ƙara a daɓe, ya shige ƙarƙashin murhu.

Ya yi dariya har da tari.
"Rago ne, na yarda.
Amma ni ban taɓa ganin ya tafi hutu ba.
Kome nisan jifa..."

Bai ƙarasa ba.
Ornella ta durƙusa da tsintsiya tana laluben makulli,
ta ji gwiwarta ta hagu ta yi ƙas,
karo na farko.