Rumbun da ke Kan Dutse

Tun asuba muka bar Paonia a akori-kura,
ni da Marisela da bututun awo,
muka hau har inda hanya ta ce iyakarta ke nan.
Daga nan sai ƙafa.

Na soka bututu cikin dusar ƙanƙara,
na zaro, na rataya a sikeli.
Marisela ta hura yatsunta, ta rubuta lamba,
ta dubi ta bara, ta yi shiru.
Na san shirun nan.
Haka kakata kan yi in ta leƙa rumbu
ta hango gindinsa tun kafin shuka.

Ai dutsen nan rumbu ne.
Hunturu ke zubawa, bazara ke ɗiba
mudu-mudu, har gonakin tuffa su ƙoshi.
Yanzu ya huje.
Abin da za a sha a Agusta
Mayu ke kwashewa a guje, ja wur da laka.

Da la'asar muka sauko wurin Orval Teague:
shekara saba'in da ɗaya, shanu ɗari biyu,
da littafin ubansa mai bangon fata
inda aka rubuta da fensir
ranar da rafi ya fara ruri, kowace shekara.
Ya ce, "Ku da na'urorinku
kun zo gaya mini abin da kunnena ya ji?"
Na ce aron littafin muka zo.
Ya yi dariya har da tari.

Mun roƙe shi ya janye shanu daga bakin rafi
shekara biyu, ciyawa ta kama ƙasa,
ɓerayen ruwa su yi datsinsu na ƙirare,
ko ruwa ya koyi zama.
Ya ce, "Wa zai biya kuɗin shinge?"
Lissafina bai kai nan ba.
Da ruwan ciki ake jan na rijiya,
shi kuwa banki na jiransa ƙarshen wata.

Ya dai ba ni littafin.
Ya ce kada ya jiƙe.

Daren nan a ɗakin gwaji ina kwafe ranaku,
rubutun uba, sannan na ɗa.
Kwanan wata na ja da baya, shafi bayan shafi,
kamar mai bin bashi da ke ƙara sammako.
A waje indararo na ɗiga,
ga shi ko Maris bai ƙare ba.